Kwarashi da Zarensa: Darasin Hulunan da Aka Dawo Mana da Su

Wannan shi ne jawabin da sashen mata na ƙungiyarmu ya gabatar a taron iyaye da aka yi a Kumasi. Mun buga shi yadda aka faɗe shi, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba da kuma 'yan'uwanmu da ke ƙasashen waje.



Iyayenmu sarakuna, malamanmu, iyayenmu mata, da ƙannenmu 'yan mata da ke zaune can baya, sannunku da zuwa, Allah Ya saka da alheri. Mun san wani daga Aboabo ya taso, wani daga Sawaba, wani daga Asawase, kowa ya bar sana'arsa ya zo. Mun kuma lura da aka ce sashen mata zai yi magana a kan kwarashi da zare, wasu daga cikin iyayenmu maza sun yi murmushi, kamar masu cewa wannan ai zancen cikin gida ne. Ku yi mana haƙuri ku saurara. Kuɗin zaren nan daga aljihunku yake fitowa, hular da ake saƙawa kuma a kanku da kan jikokinku take zama.

Bari mu fara da abin kunyar, mu huta. A hunturun bara mun yi wa wani asibiti alkawarin hulunan jarirai, musamman na bakwainai. Mun raba zare ga matan ajin saƙa, kowa ta tafi gida ta yi iyakar ƙoƙarinta, muka cika jaka muka kai da murna. Bayan mako guda babbar nas ta ɗakin jarirai ta kira mu. Ta yi godiya, sannan ta shimfiɗa hulunan a kan tebur ta ware su kashi uku. Kashi na farko ta karɓa. Kashi na biyu ta ce sun yi tauri, ta ɗauki ɗaya ta ajiye a tebur, hular ta tsaya ƙiƙam kamar ƙoƙo. Kashi na uku kuwa sun yi sako-sako, wasu za su zamo su rufe wa jariri ido da hanci, wasu kuma ramukansu sun isa ɗan yatsan jariri ya shige ya maƙale. Kusan rabin abin da muka kai, da shi muka dawo.

Matan da suka saƙa ba su da laifi, kuma muna so a ji wannan da kyau a gaban mazajensu. Laifin namu ne, mu shugabannin sashe. Mun raba zare iri-iri, na Kejetia, na gwanjo, da wanda aka aiko daga Ingila da Amurka, muka ce wa kowa ta yi amfani da kwarashin da ke gidanta, muka kuma ba su lissafi iri ɗaya: ƙulli kaza a zagaye, layi kaza a tsaye. Ashe lissafin ƙulli ba ya nufin komai idan ba a daidaita kwarashi da kaurin zare ba. Zaren nan amana ce, mutane suka tsame daga abin da suke da shi suka bayar. Shi ya sa muka zauna muka koyi abin da ya kamata mu sani tun farko, yau kuma muka kawo muku shi.

Mu fara da kwarashin kansa. Mutane da yawa suna zaton bakin ƙugiyar ne ke sa saƙa ta yi manyan ƙulli ko ƙanana. Abin da ke yanke girman ƙulli shi ne kaurin sandar, wato wurin nan miƙaƙƙe da ke tsakanin wuyan ƙugiya da inda ake ɗora babban yatsa. A nan zare yake zagayawa, kuma faɗin wannan wuri ake aunawa da milimita. Idan an rubuta 4 mm a jikin kwarashi, kaurin sandarsa milimita 4 ne, ko a wace ƙasa aka ƙera shi. Wannan ne kaɗai ma'aunin da ba ya canzawa.

Sauran lambobin da ake gani a jikin kwarashi su ne suka rikita mu. Na Amurka haruffa ne da lambobi: G-6 shi ne milimita 4, H-8 milimita 5, I-9 milimita 5.5, J-10 milimita 6. A wurinsu, lamba tana hawa kwarashi yana ƙara kauri. Tsofaffin kwarasan Ingila kuwa, waɗanda aka yi kafin su koma ma'aunin milimita, kuma har yau ana samunsu a akwatunan iyayenmu da cikin kayan gwanjo, a juye suke: lamba tana hawa kwarashi yana sirancewa. A wurinsu lamba 8 ita ce milimita 4, lamba 6 kuma milimita 5. Ku lura da kyau. Lamba 6 ta Amurka milimita 4 ce, lamba 6 ta Ingila milimita 5. Lamba 8 ta Amurka milimita 5 ce, lamba 8 ta Ingila milimita 4. Mata biyu za su iya rantsewa cewa dukansu da lamba 6 suka yi aiki, kuma duk gaskiya suka faɗa, amma hulunansu ba za su taɓa zama ɗaya ba. Akwai kuma tsari na uku, na ƙasar Japan, wanda ake gani a kan kwarasa da yawa da ake shigowa da su daga Asiya, ana rubuta shi da ɗan karkataccen layi da sifili: 5/0 milimita 3 ne, 6/0 milimita 3.5, 7/0 milimita 4, 8/0 milimita 5. Sannan ga siraran kwarasan ƙarfe na saƙar farar hula da bakin mayafi, waɗanda yawancinsu ba su kai milimita 2 ba. Su ma a lambobin Amurka a juye suke, kuma lambar tana ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Don haka daga yau, a ajinmu, ba a kiran kwarashi da wata lamba sai ta milimita. Wadda rubutun jikin nata ya goge, ta kawo. Muna da ɗan faifai mai ramuka da ake zura kwarashi a gane kaurinsa. Wadda kuma take da ɗa ko ƙane a Suame Magazine, ta ba shi ya auna mata da ma'aunin da makanikai suke auna kaurin ƙusa da shi, minti ɗaya ya isa. Idan an auna, a rubuta a ɗan ƙyalle ko tef a liƙa a gindin kwarashin.

Yanzu zare. Wata ƙungiyar masu sana'ar zare a Amurka, Craft Yarn Council, ta kasa zare gida takwas bisa kaurinsa, daga lamba 0 zuwa lamba 7. Idan kun duba takardar da ke naɗe a jikin dunƙulen zaren da aka aiko daga can, za ku ga hoton ɗan dunƙule da lamba a tsakiyarsa. Ga kwarashin da suka ba kowanne. Lamba 0, siriri kamar na ɗinki, yana tafiya da kwarashin ƙarfe na wajen milimita 1.5, ko na milimita 2.25. Lamba 1, daga milimita 2.25 zuwa 3.5. Lamba 2, daga 3.5 zuwa 4.5. Lamba 3, daga 4.5 zuwa 5.5. Lamba 4, daga 5.5 zuwa 6.5. Lamba 5, daga 6.5 zuwa 9. Lamba 6, daga 9 zuwa 15. Lamba 7 kuma daga 15 zuwa sama. Mun rubuta wannan da manyan haruffa mun liƙa a bangon aji, ba sai an haddace ba.

Zaren Ingila sau da yawa ba ya zuwa da wannan lamba, da suna yake zuwa. Idan an rubuta 4 ply, ya yi kusa da lamba 1. Idan an rubuta DK, lamba 3 ce. Aran lamba 4, Chunky lamba 5. A nan akwai wani tarko. A takardar zare akan zana hotuna biyu, ɗaya tsinkayen saƙa guda biyu a gicciye, ɗaya kwarashi. Lambar da ke ƙarƙashin tsinkaye ta masu saƙa da tsinke ce. Wata takardar ma hoton tsinken kaɗai ke jikinta. Mu hoton kwarashi za mu nema. Wani tarkon kuma, kada a warware zare a ƙirga silin da aka murɗe a ce wannan mai huɗu ne, saboda haka ya fi mai uku kauri. Sili uku masu kauri sun fi sili shida sirara. Kaurin zaren gaba ɗaya shi ake dubawa.

To, me za a yi da zaren da ba shi da takarda? Wannan shi ne mafi yawan abin da ke hannunmu: ulun kasuwa da ake sayarwa tsirara, ragowar da mutane suke kawo mana, da wanda muke warwarewa daga suwaitar gwanjo mu wanke mu naɗe. Akwai gwaji biyu da ba sa cin ko kwabo. Na farko, a samu fensir da rula. A naɗa zaren a jikin fensir, zagaye kusa da zagaye, ba a ja shi da ƙarfi ba, ba a kuma ɗora wani kan wani ba, har ya rufe inci ɗaya, wato santimita 2.5. Sai a ƙirga zagayen. Idan sun kai 6 zuwa 9, zaren lamba 5 ne. Idan 9 zuwa 12, lamba 4. Idan 11 zuwa 15, lamba 3. Idan sun wuce haka, an shiga sirara, lamba 2 ko 1. Kun ga iyakokin suna ɗan hawa kan juna, don haka wannan gwaji hanya yake nunawa kawai. Na biyu, a ninka zaren biyu a kwantar da shi a cikin wuyan ƙugiya. Idan ya cika wurin daidai, kwarashin ya yi kusa da dacewa. Idan ya tumbatso, kwarashin ya yi ƙarami, zai riƙa tsaga zaren yana kamo rabi yana barin rabi. Idan yana yawo a ciki, kwarashin ya yi girma.

Idan siririn zare ya yi mana yawa a ma'aji, ana iya haɗa biyu a saƙa tare. Biyu na lamba 1 sukan ba da kusan lamba 3, biyu na lamba 3 kuma sukan kai lamba 4 ko 5. Sai a zaɓi kwarashi bisa sabon kaurin.

Akwai kuma sanin da me aka yi zaren. Babba, ba yaro ba, ya yanki ɗan guntu ya riƙe da almakashi a kan faranti ya kusantar da ashana. Auduga tana ci da wuta da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Gashin tumaki yana ƙauri kamar an babbake gashi. Ulun roba, wanda ake rubuta wa akirilik, kuma shi ne yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa, narkewa yake ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Wannan ya shafi lafiya kai tsaye. Abin sauke tukunya ko abin ɗora tukunya mai zafi ba a saƙa shi da ulun roba, domin zai narke ya liƙe a hannu. Da auduga ake yinsa, a kuma ninka shi biyu.

Iyayenmu, duk lambobin da muka lissafa wurin farawa ne. Abu na biyu da ake dubawa shi ne, me za a saƙa? Zare ɗaya yana iya buƙatar kwarasa uku daban-daban, gwargwadon aikin. Abin da ake so ya tsaya da ƙarfinsa, kamar jaka, ɗan pos na kuɗi, ko kwando, ana rage kwarashi da milimita ɗaya ko fiye daga abin da takarda ta ce, don ƙulli ya matse, kada jakar ta saki idan an zuba mata kaya. Abin da ake so ya kwanta a jiki, kamar bargo ko gyale, ana ƙara rabin milimita ko milimita ɗaya. Taburma ko kwando da ake saƙawa da tsiri-tsirin ƙyallen riga mai talewa, irin wanda teloli suke zubarwa, sai babban kwarashi na milimita 8 zuwa 12.

Hular jariri tana tsakiya, kuma ita ta fi wuya. Dole ta yi laushi ta kuma tale, amma ba tare da ramuka ba. Mu abin da ya yi mana shi ne zare mai laushi lamba 3, da kwarashin milimita 4 ko 4.5, da ƙulli matsakaici marar ado. Ba maɓalli, ba dutsen ado, ba igiyar ɗaurewa a wuya, ba zare mai gashi-gashi da ke zuba. Dalilin da ya sa asibiti yake buƙatar hulunan nan shi ne, jariri yana saurin rasa ɗumin jikinsa, kansa kuma babba ne idan aka gwada da sauran jikin. Bakwaini ya fi kowa wannan matsala. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a riƙa ɗora irin wannan jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su tare, kuma a wannan reno akan sa masa hula. Kan jaririn da ya cika watanninsa yakan kai santimita 33 zuwa 36 a zagaye, na bakwaini bai kai haka ba. Kafin a saƙa wa asibiti, a tambayi nas girman da suke so. A gida kuma, idan ana zafi, kada a ce dole sai jariri ya kwana da hula. A bi abin da nas ko ungozoma ta ce.

Hular manya kuwa, farar nan ta saƙa da iyayenmu maza da 'yan makaranta suke sawa, da zaren auduga mai sheƙi ake yinta. Shi ma lambarsa a juye take: lamba 10 ta fi lamba 20 kauri, lamba 5 ta fi lamba 10. Lamba 10 tana tafiya da kwarashin ƙarfe na milimita 1.5 zuwa 1.75, lamba 5 kuma wajen milimita 2. Idan aka yi wa wannan zare babban kwarashi don aiki ya yi sauri, hular za ta yi kyau a ranar farko, wanki ɗaya kuma ta zube ta koma kamar tsumma. Ga lissafinta, kuma yaranmu 'yan makaranta za su iya taya iyayensu. A auna zagayen kai da tef ɗin tela, a raba da 3.14, abin da ya fito shi ne faɗin faifan saman hula kafin a daina ƙari a fara gangarowa. Kan babban mutum yakan kama daga santimita 56 zuwa 58. Mai 57, faifansa ya kai 18, sai a ɗan rage ya tsaya wajen 17.5 don hular ta kama kai. Auduga ba ta talewa kamar ulu, don haka ba a rage mata da yawa.

Abu na uku shi ne wanda ba a rubuta shi a kowace takarda: hannun mai saƙa. A ba mata biyu zare ɗaya da kwarashi ɗaya, wata hannunta yana matsewa, wata yana sakewa. Mace ɗaya ma, saƙar da ta yi da safe hankali kwance ba ɗaya take da wadda ta yi da dare bayan ta gaji ba. Ga misali da lamba. A ce tsarinmu yana so a samu ƙulli 16 a cikin santimita 10, hular kuma tana da ƙulli 48 a zagaye. Wannan zai ba da hula mai santimita 30, daidai da jaririn da kansa ya kai 32 ko 33, tunda ulu yana talewa. Wadda hannunta ya saki har ta samu ƙulli 14 kacal a santimita 10, ƙullinta 48 zai ba da hula mai santimita 34 da ɗoriya, ta zamo ta rufe ido. Wadda hannunta ya matse ta samu ƙulli 18, tata ba za ta kai santimita 27 ba, ba za ta shiga kan ba, ga tauri. Dukansu sun ƙirga 48 ba kuskure. Wannan shi ne ainihin abin da ya faru da mu bara.

Maganinsa ɗan gwaji ne. Kafin a fara kowane aiki, a saƙa ɗan murabba'i mai kamar santimita 15 kowane gefe, da zaren da za a yi aikin, da kwarashin da aka zaɓa, da irin ƙullin da za a yi. A shimfiɗa shi ba tare da an ja ba, a ɗora rula a tsakiya, a ƙirga ƙulli nawa ne a santimita 10. Idan sun fi abin da ake nema yawa, a ɗauki kwarashin da ya fi girma da rabin milimita a sake. Idan ba su kai ba, a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta da rabin milimita. Kada a ce za a canza hannu, a riƙa matsewa ko sassautawa da gangan, domin bayan layi biyar hannu zai koma halinsa. Kwarashi ake canzawa. Idan auduga ce, a wanke ɗan gwajin a shanya a sake aunawa, domin takan ɗan tsuke. Sannan a murza shi a bayan hannu ko a kumatu. Abin da ya kankare kumatun babba bai dace da kan jariri ba. Mun san abin da ake cewa: wannan ɓata lokaci ne da ɓata zare. Gwajin ba ya wuce rabin awa, zarensa kuma ana warware shi a sake amfani da shi. Hulunan bara kuwa mako uku muka yi muna warwarewa.

Ga masu koyo daga bidiyo a waya, akwai abin lura guda. Turawan Amurka da na Ingila suna kiran ƙulli da sunaye masu karo da juna. Gajeren ƙullin da Ba'amurkiya take kira na ɗaya, 'yar Ingila na biyu take ce masa, abin da Ba'amurkiya take kira na biyu kuma 'yar Ingila na uku take ce masa. A kalli abin da hannun mai koyarwa yake yi, sau nawa ta naɗa zare kafin ta zura kwarashi, kada a dogara da sunan.

Iyayenmu mata da suke kukan ciwon wuyan hannu da yatsu, sau da yawa ƙaramin kwarashi ne aka haɗa da zare mai kauri, hannu yana kokawa da kowane ƙulli. A gwada ƙara girmansa. Idan siririn kwarashin ƙarfe ne yake cin yatsa, a naɗa masa ƙyalle ko tef a wurin riƙo, wannan ba ya taɓa girman ƙulli tunda ba a kai ga sandar ba. Mai sabon koyo da wadda idonta ya fara rauni, a ba su zare lamba 4 mai haske da kwarashin milimita 5 ko 5.5, don su riƙa ganin inda za su zura. Baƙin zare da siririn zare a bar wa masu ido, kuma da rana.

Me ya sa muka tara ku a kan wannan? Domin hunturu yana tafe, kuma asibitin nan ya sake ba mu dama. Babbar nas ta ce mu kawo guda biyar ta gani kafin mu ci gaba. Idan muka sake kai abin da ba shi da amfani, ba mu da bakin sake roƙo. Bayan haka, a cikin ajinmu akwai zawarawa da matan da mazajensu suka rasu, masu riƙe da marayu, waɗanda hular Sallah da kayan jarirai na suna su ne jarinsu. Mai saye idan hula ta saki bayan wanki ɗaya ba ya dawowa ya yi ƙorafi. Gaba kawai yake yi, ya sayi ta kanti, ya kuma gaya wa abokinsa. Mace ta yi kwana huɗu a kan hula ɗaya, ta rasa ciniki saboda rabin milimita.

Ga abin da muka yanke. Duk zaren da ya shigo ma'ajin ƙungiya za a gwada shi a sa shi a kwandon lambarsa. Ba za a sake ba da zare ba sai tare da kwarashin da ya dace da shi, a rubuta, a dawo da shi bayan aiki. Ba wadda za ta fara aikin ƙungiya sai ta nuna ɗan gwajinta an auna.

Ga kuma roƙonmu. 'Yan'uwanmu na Ingila, Jamus, Amurka da Saudiyya da za ku karanta wannan, Allah Ya saka muku, amma don Allah kada ku cire takardar jikin zare don rage nauyin kaya. A jikinta ne kaurin zare yake, da irinsa, da yadda ake wanke shi, da lambar rini, wadda ke sa a san dunƙule biyu launinsu ɗaya ne sak. Dunƙule shida iri ɗaya sun fi mana dunƙule goma sha biyu kowanne da kamarsa. Idan za ku sayi kwarashi, waɗanda suka fi ƙaranci a wurinmu su ne milimita 1.5, 1.75, 3.5, 4, 4.5 da 5. Iyayenmu maza da ake aika Kejetia sayen zare, ku karɓi ɗan guntun zaren da ake aiki da shi ku tafi da shi, ku gwada kauri da kauri, kada launi kaɗai ya ja ku. Wanda kuma yake son hular Sallah, ya daure ya cire ta kansa minti ɗaya a auna. Ƙannenmu maza suna bakin ƙofa da tef, za su auna su rubuta, ba sai mace ta taɓa kan kowa ba.

Hulunan bara ba su tafi a banza ba. Manyan da ba su da ramuka mun ba jarirai 'yan wata uku da huɗu a unguwa. Sauran mun warware, zaren yana kwandon lamba 3, kuma da shi za a saƙa biyar ɗin da za a kai wa nas. Ranar Asabar bayan la'asar kowace 'yar aji ta zo da duk kwarasan da ke gidanta, har da waɗanda ta gada, a auna a liƙa musu lamba.

Allah Ya ba jariranmu lafiya, Ya raya mana su, Ya sa albarka a hannun masu saƙa da aljihun masu bayarwa.